Wa Ya Shafa Musu Man? Tarken Mowa da Bora a Harshe da Adabin Hausa

Bahaushe bai yi rowar suna ga wanda aka fifita ba. Idan mace ce a gidan miji, ita ce mowa. Idan yaro ne a gaban iyaye, ɗan lele ne, ko shalele, ko ɗan gata. A fada da ofis ana ce masa ɗan gaban goshi, wato yana zaune a inda idon mai iko ba ya tsallakewa. Siyasar zamani kuma ta ƙaro mana shafaffu da mai, mutanen da doka kan sunkuyar da kai idan ta zo wucewa ta gabansu. Wanda aka tauye ma bai rasa nasa rabon ba: bora, marar gata, marar galihu, saniyar ware. Kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da hotonta. Mai jin an ce saniyar ware ba ya bukatar sharhi, domin ya riga ya hango ta can gefen garke, tana kiwo ita kaɗai, tana ɗaga kai lokaci lokaci ta dubi 'yan'uwa.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum na uku. Mowa ba ita ta naɗa kanta ba, bora kuwa ba da borancinta aka haife ta ba. Akwai wani da ya shiga ɗakin wannan da fara'a, ya wuce ƙofar waccan da ɗaurarriyar fuska, ya maimaita haka har unguwa ta gane ta raɗa musu suna. Na laluba a bakin mutane, na laluba cikin karin magana, ban tarar da suna guda mai kaifi irin na bora da aka keɓe wa wannan mutum ba. Za a ce akwai mai son kai. Amma son kai babbar riga ce, tana shiga wuyan marowaci, tana shiga wuyan mai haɗama da mai tsallake layi, har da yaron da ya ƙi raba rake da ƙanensa. Azzalumi ya fi ta faɗi ma, tunda da ɗan fashi ake tarayya a cikinsa. Idan muka zo ba da labarin abin da ya faru kuwa, sai mu fake da ƙaramar kalmar nan an, wadda ke faɗin aiki ta ɓoye mai aikin: an fifita wane, an danne wance, an ware mu. Shafaffe da mai ma haka yake. Muna ganin ƙyallin man a goshinsa, hannun da ya shafa kuwa ya koma cikin aljihu tun kafin mu waiwaya.

A 'yan wuraren da harshen ya matso kusa da mai gidan, sai ya kauce a taki na ƙarshe. Namijin da ya karkata ga mace ɗaya har ya tozarta sauran ana ce masa mijin-ta-ce. Zagi ne, babu shakka, amma a dubi inda nauyin ya faɗa: ita ce ta ce, shi bi kawai ya yi. Idan abin ya yi muni sai dangi su ce an mallake shi, an shanye shi, ba yin kansa ba ne, a tafi neman bokan da ya yi aikin a bar mutumin da ya hana 'ya'yansa kuɗin makaranta yana shan iska a ƙofar gida. Da aka tashi daga tsakar gida aka koma fada, sai karin magana ya ɗinke ɓarakar gaba ɗaya, ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ina ganin wannan ramin da ke cikin harshe yana nan daram cikin adabinmu, kuma shi ya sa labaran da muke ɗauka na yaƙi da fifiko ne suke ƙarewa ba tare da sun taɓa shi ba.

Tatsuniyar Ruwan Bagaja ita ce uwa a wannan fage. Tana sauya kama daga baki zuwa baki kamar kowace tatsuniya, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowacce da 'yarta. 'Yar mowa ta yi fitsarin kwance a kan kirgi, gari ya waye aka ɗora wa 'yar bora, aka ce ba a yarda ta wanke shi a ko'ina ba sai a Ruwan Bagaja, wanda ba a san mai zuwa ya dawo ba. Hukuncin kisa ne aka naɗe cikin aike. Yarinya ta ɗauki kirgi ta shiga duniya. Ta riƙa tarar da koguna, wannan na fura, wancan na zuma, wani na nama, kowanne yana yi mata tayi, tana godiya tana wucewa da yunwarta. Daga bisani ta sauka wurin Cinya da Kare, halittun da ko babba ya gani sai ya yi dariya ko ya ranta a na kare. Ita kuwa ta durƙusa ta gaishe su, ta yi duk aikin da suka sa ta. Da za ta tafi suka ba ta zaɓin ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka umurce ta, sai ga dawaki da barori da dukiya, ta shigo gari da kiɗa da busa. Hassada ta turnuƙe mowa, ta tura tata 'yar da gangan. Wannan ta sha fura, ta lashi zuma, ta yi wa Cinya dariya, ta wawuri babban ƙwai. Da ta fasa sai kutare da makafi da guragu suka fito, suka rako ta gida ƙudaje na bin su.

Kafin in kawo ƙorafina, wajibi ne in ba tatsuniyar haƙƙinta, domin ta ga abubuwa biyu da masu dogon turanci kan fifiko ba kasafai suke gani ba. Ta gane cewa son kai ba ya tsayawa ga ƙara wa wani tsoka a miya. Sai ya nemo wanda zai ɗauki jiƙaƙƙen kirgin wani. Duk inda aka ce wane ba ya laifi, to laifin bai ɓace ba, an dai aza shi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma duk wanda ya taɓa aiki a wurin da ɗan mai gida yake cikin ma'aikata ya san nauyin wannan kirgi. Ta kuma gane abin da gata marar linzami yake yi wa mai shi. 'Yar mowa ba muguwa ba ce tun asali. Yarinya ce da ba a taɓa hana ta komai ba, saboda haka ba ta san yadda ake wuce kogin zuma ba. Ba a taɓa sa ta durƙusa wa kowa ba, to yaya za ta durƙusa wa Cinya? Uwarta ta tura ta daji ba tare da guzurin da 'yar bora ta tara a shekarun wahala ba. A wannan gaɓar tsofaffin da suka ƙera labarin sun nuna zurfin sanin halin ɗan'adam, kuma sun yi shi cikin hoto, ba su tsaya wa'azi ba.

To, ina uban? Shi ne mai kirgin, shi ne mai gidan, da izninsa ko da shirunsa aka kori ƙaramar yarinya zuwa inda ake sa ran ba za ta dawo ba. A duk bakin da na ji tatsuniyar, daga tsofaffin gidanmu har zuwa malaman firamare, ban ji inda aka tsayar da shi aka yi masa tambaya ko guda ba. Wasu masu bayarwa sukan sa hukuncin a bakinsa, wasu su sa a bakin mowa ya zama ɗan kallo, amma a ƙarshe dukkansu sukan manta da shi, ko kuwa a gan shi cikin 'yan tarba yana washe baki da dawakin 'yarsa. Kunya ta mowa ce, kutare na 'yarta ne. Mutumin da ya kafa tsarin ya fita fes, har ya samu riba, tunda dukiya gidansa ta shigo.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Har a kai ga ƙurunƙus ba a komawa kan tambayar farko: wa ya jiƙa kirgin? Ba a wanke 'yar bora daga ƙazafi ba, arziki aka lulluɓe ta da shi. Babu wanda ya ce mata an zalunce ki, ga gaskiya ta fito. Abin da ya faru shi ne ta yi dace da iyayen gida da suka fi ubanta ƙarfi, suka ɗaga ta sama da wadda aka ɗaga a kanta. Gidan yana nan yadda yake, ɗaki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, mazauna ne kawai suka yi musanya. Yaron da ya kwanta da wannan labari a kunne ya koyi haƙuri da ladabi, wannan gaskiya ne kuma abin so ne. Sai dai ya koye su a matsayin jarin da ake zubawa har ranar da mutum zai gamu da nasa Cinya da Kare. Bai ji ko sau ɗaya ba cewa ana iya zama a gida ba mowa ba bora.

Sannan a dubi abin da aka zaɓa ya zama azaba. Da mai tatsuniya ya so ya nuna ƙarshen wulaƙanci, bai sami abin da ya fi kutare da makafi da guragu ba. Waɗannan su ne marasa gata na haƙiƙa a garin, waɗanda ko 'yar bora ta fi su matsayi, ga shi an cusa su cikin ƙwai an mayar da su la'ana. Mu kuwa yara muna ta ƙyalƙyala dariya. Labarin da ya zo kare wadda aka ware ya samu nasa saniyar waren, kuma bai ko lura ba. Laifi tudu ne.

Me ya sa adabin da ya tsani halin mowa haka bai tsani kujerar mowa ba? Ina jin amsar tana cikin wata kalma da ban ambata ba tukuna, wato alfarma. Kalma ce mai tsarki a kunnen Bahaushe. Da ita ake kiran Sarkin Musulmi, da ita mabaraci yake roƙo, da ita ake neman sassauci a wurin wanda aka ɓata wa. Kuma da ita ɗin dai ake shiga ofis a ce a yi mana alfarma a sa sunan yaron nan, ko a tarar da layin asibiti ya kai bakin titi a zagaya ta baya a ga likita. Abu ɗaya ne yake da suna biyu, gwargwadon inda mai magana yake tsaye. Wanda aka shigar ta baya zai koma gida ya ce wane mutumin kirki ne, ya yi mini alfarma. Matar da ta kwana a layin da yaro a baya za ta ce an yi son kai. Dukkansu Hausa suke yi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da kalmar take binnewa shi ne bambancin da ke tsakanin alfarmar da mutum ya yi da haƙƙinsa da wadda ya yi da haƙƙin wasu. Mai bin bashi da ya yafe rabi ya yi alfarma daga aljihunsa. Ma'aikacin da ya cire sunan wani ya sa na ɗan abokinsa kyauta ya yi da kayan da ba nasa ba, amma godiyar da za a yi masa iri ɗaya ce da ta mai yafe bashi, har a haɗa masa da addu'a.

Gata ma haka take. Idan Bahaushe ya so ya kwatanta ƙarshen talauci ba ya cewa ba shi da kuɗi, cewa yake ba shi da gata, ba shi da kowa. Ma'ana, abin tausayi shi ne rashin mai fifita ka. Shi ya sa kirarin da ɗan siyasa ya fi so shi ne a ce masa gatan marayu, gatan talakawa. Karin maganar nan ta mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya tana cikin 'yan wuraren da aka nuna hannun da ke riƙe da ludayi, amma sai aka ce hannun uwa ne, wa zai kai uwa ƙara don ta zuba wa ɗanta miya? Ban taɓa jin an faɗe ta da fushi ba. Da murmushi ake faɗinta, wani lokaci da sha'awa, kamar mai cewa Allah ya ba mu tamu uwar. Yaron da ya ci nasa gaya saboda miyar ta ƙare a kwanon wani ba ya cikin karin maganar sam.

Rubutaccen adabi ya gaji wannan gado. Da Abubakar Imam ya shiga gasar da R. M. East ya shirya a 1933, sai ya ari sunan tatsuniyar ya raɗa wa littafinsa, ya ajiye 'yan matan ya ɗauko Alhaji da Malam Zurƙe. Amma a dubi abin da ya fitar da Alhaji daga gida. Liman, mijin uwarsa, ya faɗi a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, sarki ya wulaƙanta shi a gaban jama'a. Alhaji ya yi shekaru yana yawon duniya, ya dawo da ruwan, ɗan sarki ya warke, martabar gidansu ta dawo. Wulaƙancin daga sarki ya fito, sakamakon ma daga sarki ya fito, kuma littafin bai ga wani abin tambaya a tsakani ba. A Magana Jari Ce, wadda ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, mugun bafaden karin magana ya samu jiki da rawani: Waziri ne maci amana, sarki kuwa adali ne da aka kusa cuta. Aku ya ceci gidan sarauta da bakinsa, aka ba shi wazirci, kuma babu mai musun ya cancanta. Sai ga shi a littafi na uku yana zaune yana horar da ɗansa Fasih. Tsuntsun da ya shiga fada ba uwa ba uba, da hazaƙarsa kaɗai, tun bai tsufa ba ya fara share wa nasa hanya. Ba na zargin Imam da komai a nan, ya rubuta fada yadda ya san ta, kuma ƙwarewarsa ta sa har yau muna karantawa muna jin daɗi. Daɗin ne ma yake hana mu lura.

Akwai hanzarin da za a iya kawo wa tatsuniya, kuma ba ƙaramin hanzari ba ne. Wa yake bayar da ita? Mata ne, da dare, a tsakar gidan mutumin da nake neman a gurfanar. Mai bayarwar wataƙila ita kanta bora ce, 'ya'yan mowa suna zaune a gabanta, mai gida yana iya jiyowa daga turaka. Wadda take cikin wannan hali ba za ta kama sunan miji ba, al'ada ma ta hana ta faɗin sunansa ko da lafiya lau ake zaune. Abin da za ta iya shi ne ta soki kishiya, ta yi wa 'yarta mafarkin dawaki. Idan aka duba ta nan, rashin uban a labarin tabo ne na tsoro, kuma shirun da aka yi a kansa shaida ce a kan ƙarfinsa. Haka makaɗan fada suke: zambonsu yana sauka a kan 'yan sarki masu jiran gado da abokan hamayyar ubangida, ba ya taɓa hawa kan karaga, domin daga karagar ake ba da doki da riga. Na karɓi wannan hanzari ga tsohuwar da ke tsakar gida. Ban karɓe shi ga marubucin da yake zaune da alƙalami a ɗakinsa ba, balle mai shirya fim da ke maimaita mana makirar amarya da bawan Allah miji da aka yi wa asiri, shekara da shekaru.

Dalilina shi ne, a cikin al'ummar nan tamu akwai wani reshen ilimi da bai taɓa jin nauyin nuna mai ludayi ba. Almajirin da ya yi nisa kaɗan a hadisi ya san labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Ba yaron aka tuhuma ba, ba a kuma tafi neman wadda ta zuga ba. Uban aka tambaya ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin wannan, da ya ce a'a aka ƙi yi masa shaida, aka umurce shi da adalci a tsakaninsu. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin karkatar zuciya, wadda mutum ba ya mallaka, da rabon kwana da ciyarwa da tufatarwa, waɗanda za a tambayi miji a kansu, shi ɗin da kansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a Bayanu Wujubil Hijra da ya rubuta a 1806, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata da fifita wasu mutane a kan wasu cikin abubuwan da suke saurin rushe mulki, kuma da mai mulkin yake magana, bai ce a nemo bafade ba. Wato Bahaushe ya san wannan hukunci sarai, yana jin sa a zaure da masallaci. Idan ya zo ba da labari ne yake ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Siyasarmu da bakin tatsuniya take magana. A saurari shirye-shiryen rediyo da ake buɗe layi bayan an yi naɗe-naɗen muƙamai: an mayar da jiharmu saniyar ware, mu ne 'yan bora a wannan gwamnati, wasu ne 'yan mowa. Da wuya mai kira ya tambayi ko wanda aka naɗa zai iya aikin. Kukansa a ɗauko namu, kuma ranar da aka ɗauko nasu shi ne zai fara cewa naka sai naka. Nijeriya ta sa ƙa'idar raba daidai a tsarin mulkin 1979, ta maimaita ta a sashe na 14 na tsarin 1999, ta kafa mata hukuma tun 1996, kuma a ƙasa mai yawan ƙabilu irin wannan ba na raina hikimar yin haka. Sai dai doka tana iya ƙirga kwanuka ta ce kowace jiha ta samu ɗaya, ba ta bin kwanon zuwa gindin murhu ta ga ɗan wa aka miƙa wa. Ɗan manomin da ya fi kowa maki a ƙaramar hukumarsa yana iya cin tuwonsa gaya alhali a takarda an rubuta cewa jiharsa ta sha miya.

Wannan ne ya sa nake ba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, wani matsayi na dabam. A zahiri tsohon labari ne. Shu'aibu Maƙarfi ya riga ya kawo attajirin da ya auro karuwa ta rusa masa gida a wasansa Jatau Na Kyallu, kuma ko sunan wasan ya nuna inda aka dosa: Jatau ne, amma na Kyallu. Balaraba ta ɗauki wannan ƙwarangwal ɗin, Alhaji Abdu ɗan kasuwa, matarsa Rabi mai 'ya'ya tara, da Delu da ya auro daga bariki, sai ta yi abin da tsohuwar tsakar gida ba ta iya yi ba. Ta nuna mana Alhaji Abdu tun kafin Delu ta shigo, yana ƙuntata wa iyalinsa alhali yana da halin yalwatawa. Da wannan kaɗai ta toshe ƙofar asiri da ta mijin-ta-ce. Mai karatu ba zai iya cewa amarya ce ta sauya shi ba, domin ya san shi tun ba amarya. Delu tana da nata sharrin, marubuciyar ba ta wanke ta ba, amma hannun da ya kori Rabi da 'ya'yanta yana da suna, yana da rumfa a kasuwa, kuma karin maganar da aka yi wa littafin take da ita ta faɗi wanda kuykuyon zai bi: ubangidansa.

Rabi ma ba ta tafi neman Cinya da Kare ba. Ta kafa tukunya tana sayar da abinci, tana ciyar da 'ya'yanta da guminta. A nan littafin ya fi tatsuniya nesa ba kusa ba. Inda na ga ya ja da baya shi ne wurin Saudatu, 'yar Rabi, yarinya mai ladabi da kamun kai, wadda ta dace da auren attajiri, daga nan kuma sauƙi ya fara shigo wa uwarta. Wannan ƙaramin ƙwai ne aka sake fasawa, 'yar bora ta dawo gida a mota maimakon doki. Hukuncin Alhaji Abdu ma daga sama ya faɗo: gobara ta cinye masa rumfa, dukiya ta tafi, amarya ta nuna halinta. Na so a ce mutane ne suka tsayar da shi tun yana da kuɗinsa, domin gobara ba ta zaɓen rumfar azzalumi, kuma akwai Alhaji Abdu da yawa da rumfunansu ba su taɓa ƙonewa ba.

Amma ƙarshen littafin ya sa na sassauta wannan ƙorafi, don ina zaton marubuciyar ta san abin da take yi. Bayan aljihu ya bushe, Alhaji Abdu ya tuna da Rabi. Ita ba ta so, kuma mai karatu ya san dalilinta shafi bayan shafi. Sai mazan da ke kewaye da ita suka taru a kanta, aka kawo maganar 'ya'ya, aka kawo maganar haƙuri da abin da duniya za ta ce, har ta sunkuya. Wasu masu karatu suna ɗaukar wannan a matsayin sulhu mai daɗi, wasu suna jin haushin Balaraba da ta mayar da ita. Ni kuwa ina ganin a nan ne ta fi faɗin gaskiya, domin ta bar mu mu auna matsi biyu da kanmu. Duk abin da aka faɗa wa Alhaji Abdu lokacin da yake korar matarsa bai hana shi korar ta ba. Abin da aka faɗa wa Rabi kuwa ya mayar da ita. Alfarma aka nema masa, aka biya da haƙƙinta, kuma tukunyar da ta kafa ranar da ya watsar da ita ce za ta ciyar da shi.